Jirgin Pokhara: sama garau, inji lafiya lau, to me ya kayar da shi?

Duk sanda aka ce jirgi ya faɗi a Nepal, kafin ma a gama karanta labarin za ka ji mutane sun yanke hukunci, ai duwatsu ne, ai hazo ne, ƙasar da Everest yake cikinta me kake tsammani. Ni ma abin da na faɗa kenan ranar Lahadi 15 ga Janairun 2023 da labarin jirgin Yeti Airlines ya fara yawo a wayoyi, mutum 72 a ciki, fasinja 68 da ma'aikata 4, babu wanda ya fita da rai. Sai da na kalli ɗan bidiyon nan da wani ya ɗauka daga gidansa sannan jikina ya yi sanyi, don sama garau take, rana ta fito sosai, ba gajimare ba ruwa, ga jirgi yana tahowa ƙasa-ƙasa a saman gidaje hancinsa a ɗage, kawai sai ya kife ta hagu kamar an fizge shi, ya ɓace a bayan gini. Akwai kuma ɗaya bidiyon, na wani fasinja ɗan Indiya da yake nuna saukarsu kai tsaye a Facebook, ana hira ana dariya ana hango rufin gidaje ta taga, wannan kam ban ba kowa shawarar ya nema ba.

Ba dutsen da jirgin nan ya taɓa. Cikin kwazazzabon kogin Seti ya faɗa, tsakanin tsohon filin jirgin birnin Pokhara da sabon, a cikin gari. Kuma injinansa biyu suna aiki har lokacin da ya daki ƙasa. Shi ya sa lamarin ya ɗaure wa mutane kai na tsawon makonni, har sai da aka kai baƙaƙen akwatunan nan guda biyu Singafo aka karanta su, ɗaya mai naɗar muryar matuƙa ɗaya mai naɗar duk motsin da jirgi ya yi.

Jirgin samfurin ATR 72 ne, irin mai farfela biyu ɗin nan da Faransa da Italiya suke haɗa hannu su ƙera, ya taso daga Katmandu, babban birnin ƙasar, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Matuƙa biyu ne a gaba kuma duk kyaftin ne. Wadda ke riƙe da tuƙi, Anju Khatiwada, tana da awa sama da 6,000 a sama. Wanda ke gefenta a kujerar dama, Kamal KC, malami ne mai koyar da matuƙa, awanninsa sun haura 21,000, wato in ka lissafa ya shafe sama da shekara biyu cur na rayuwarsa yana shawagi. Aikinsa a ranar shi ne ya nuna mata sabon filin jirgin, domin filin sati biyu kacal da buɗe shi, ranar 1 ga Janairu firaministan lokacin, Pushpa Kamal Dahal, ya ƙaddamar da shi, da bashin Chaina na dala miliyan ɗari biyu da 'yan kai aka gina shi.

Toh a nan sai an ɗan fahimci yadda titin jirgi yake. Titi ɗaya ne amma baki biyu gare shi, kowane baki da lambarsa gwargwadon inda ya fuskanta. A Pokhara akwai bakin 30 da bakin 12. Wanda ya taso daga Katmandu, wato daga gabas, bakin 30 ne a gabansa, miƙewa kawai zai yi ya sauka, kuma shi hasumiyar da ke ba jirage izinin sauka ta fara ba su. Sai suka nemi a ba su 12. Shi kuwa 12 sai ka wuce filin ka zagayo ta saman gari ka juyo, kuma da ido ake wannan zagayen, matuƙi yana leƙen taga yana auna tsaunuka yana auna titi. A filin da ke shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wannan ba wani abu ba ne, za ka buɗe zagayenka yadda kake so ka miƙe tun daga nesa. A Pokhara tuddai sun matse wurin, dole zagayen ya zama ɗan ƙarami, kwana a kan kwana, kana ƙasa-ƙasa.

Abin da akwatunan suka nuna, in ka bi shi daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya fi kowane bidiyo tayar da hankali. Ƙarfe 10:56 da 'yan daƙiƙu ta kashe na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ta karɓa da hannu, suna ƙafa 721 daga ƙasa, mita ɗari biyu da ɗan abu kenan. Sai ta ce a sauke filaf zuwa 30. Filaf wani leɓe ne a bayan fiffike da ake saukewa lokacin sauka, yana ƙara wa fiffike faɗi da lanƙwasa yadda jirgi zai iya tafiya a hankali ba tare da ya faɗo ba. Malamin ya amsa mata cewa filaf 30. Amma filaf bai motsa ba ko kaɗan. Abin da ya motsa shi ne wasu sanduna biyu da ke maƙwabtaka da sandar filaf ɗin a kan ɗan teburin da ke tsakanin matuƙa, sandunan da ke sarrafa farfela, an ja su duka biyun baya zuwa matsayin da matuƙa ke kira feda.

Mene ne feda? Ka ɗauki mai tuƙa kwale-kwale. In ya sa faɗin filafilinsa a ruwa ya ja, kwale-kwale zai tafi. In kuwa ya juya shi ya sa kaifinsa, zai ta yankan ruwa ne kawai ba inda za shi. Ganyen farfelar jirgi ma juyawa suke yi haka, kuma an yi wannan matsayi ne don amfani mai kyau, in inji ɗaya ya mutu a sama sai a juya ganyensa su ba iska kaifi don kar su zama birki su riƙa jan jirgin gefe. Amma ka yi wa injina biyu masu lafiya haka a lokaci guda, ka cire wa jirgi duk abin da ke tura shi gaba. Direbobi za su fi ganewa in na ce mota ce ka sa ta a firi kana tsakiyar hawa, inji na kunne, kana taka totur, taya ba ta san ana yi ba.

Wata ƙararrawar gargaɗi ta buga sau ɗaya, ba wanda ya bi ta kanta. Suka karanta jerin abubuwan da ake dubawa kafin sauka, suka wuce. Malamin yana ta nuna mata inda za ta karya kwana, idon kowa yana waje. Bayan kamar daƙiƙa ashirin sai aka sauke filaf ɗin na gaskiya zuwa 30 ba tare da an ce komai ba, kuma wannan ya ƙara dagula lissafi, don filaf yana ƙara wa jirgi jan iska, ga shi babu abin da ke tura shi, gudu sai ƙara zubewa yake. Lokacin da hasumiya ta ba su izinin sauka, Anju ta faɗa har sau biyu cewa babu ƙarfi daga injina. Aka tura totur gaba, shiru. Ta miƙa masa tuƙi. Suna ƙafa 311 sitiyarin ya fara karkarwa, wanda shi ne gargaɗin ƙarshe da jirgi ke yi cewa fiffike ya kusa daina ɗaukarsa, ga su kuma a cikin kwana, shi kuwa jirgi in ya karkata ya fi buƙatar gudu fiye da in yana miƙe. Fiffiken hagu ya saki. Daga jan sandar nan zuwa faɗuwa kusan minti ɗaya ne.

Na san abin da mai karatu zai ce, don ni ma na faɗa: mutum mai awa dubu ashirin da ɗaya ya rasa bambance sandar filaf da ta farfela? Sandunan ma ba kama suke ba, kan kowacce da siffarsa daban, da gangan aka yi su haka don hannu ya gane ko ido bai kalla ba, kuma ta farfela biyu ce a jere. Amma duk wanda ya daɗe yana tuƙi ya san wannan ciwon. Ka shekara goma kana jan motar da sigina take dama, ranar da ka ari wadda sigina take hagu, kana zuwa kwana sai ka ga waifa tana share gilashi rana tsaka. Ba rashin iya mota ba ne, hannu ne ya riga kai, kuma wanda ya fi ƙwarewa shi ya fi sakin hannunsa ya yi aiki shi kaɗai, sabon shiga ne yake kallon kowane maɓalli kafin ya taɓa. Ga mutum yana koyarwa, yana magana, yana leƙen tsauni, yana sauraron hasumiya, a filin da shi kansa baƙo ne a cikinsa. A mota kuskuren nan dariya ake yi a wuce. A ƙafa ɗari bakwai ba a samu damar dariya ba.

Kuma ba a kansu farau ba. A watan Fabrairun 2015 wani ATR 72 na kamfanin TransAsia ya faɗa kogi a Taipei, babban birnin Taiwan, jim kaɗan da tashi, inji ɗaya ya samu matsala sai matuƙin ya kashe mai lafiyar, mutum 43 suka mutu. Can ma ba wanda ya tsaya ya tabbatar da abin da hannu ya taɓa kafin lokaci ya ƙure.

Abin da ya fi damuna a labarin Pokhara ba jan sandar ba ne, don wannan ɗan Adam ne, kowa na iya yi. Daƙiƙu hamsin ɗin da suka biyo baya ne. Gaba ɗaya tsarin tuƙin jirgin fasinja an gina shi ne a kan cewa mutum zai yi kuskure, shi ya sa ake sa mutum biyu, ɗaya ya yi ɗaya ya duba, in an ce filaf 30 ba a amsawa sai an kalli allo an ga allura ta tafi 30. Allon yana gabansu yana nuna ƙarfin injina ya koma sifili, gudun farfela ya zube. Da ɗayansu ya sunkuyar da kai ya kalli teburin nan ya mayar da sanduna biyu gaba tun da wuri, da wataƙila yau ba wanda ya san sunan jirgin nan. Me ya hana su kallo? A nan ne dutsen da na ce bai taɓa jirgin ba ya dawo cikin magana.

Yadda dutse ya saba kashe jirgi a Nepal daban ne. A 1992 cikin wata biyu jirage biyu manya suka hallaka a kusa da Katmandu. Na Thai Airways a ƙarshen Yuli, mutum 113, matuƙan sun rikice a cikin gajimare suka nufi arewa wajen manyan tsaunuka suna zaton kudu suka dosa. Na Pakistan a ƙarshen Satumba, mutum 167, shi kuma saukar Katmandu hawa-hawa ake yinta kamar matattakala saboda tsaunukan da suka kewaye kwarin, sai suka riga matattakalar da taki ɗaya, suka daki tudu. A Mayun 2022 ma, wata takwas kafin na Yeti, ƙaramin jirgin Tara Air da ya tashi daga wannan Pokhara ɗin zuwa Jomsom ya daki dutse cikin mummunan yanayi da mutum 22. Duk waɗannan jirage ne lafiyayyu a hannun matuƙan da ba sa ganin gabansu. Irin wannan hatsarin an rage shi sosai a duniya tun da aka fara sa wa jirage na'urar da ke ɗauke da taswirar tsaunuka tana yi wa matuƙi ihu tun kafin ya isa.

Amma dutse yana da wata hanyar ta biyu wadda na'ura ba ta maganinta, ita ce ya cinye maka sarari da lokaci. Dubi Lukla, filin da masu hawa Everest ke sauka, titinsa mita 527 ne kacal, a tsayin mita 2,800 da wani abu inda iska ba ta da kauri, gabansa dutse bayansa rami, in ka kuskure sauka ba zancen ka tashi ka sake zagayowa. Pokhara ba ta kai haka tsanani ba, garin ma a kwari yake, mita ɗari takwas da 'yan kai, manyan tsaunukan Annapurna da Machhapuchhre hango su ake yi daga nesa. Sai dai tuddan da ke kusa sun isa su matse zagayen bakin 12 har ya zama matuƙi ba ya samun wannan 'yar doguwar miƙewar ta ƙarshe da ake so, inda jirgi zai daidaita, gudu ya zauna, kowa ya numfasa ya duba allonsa. Da a ƙafa dubu goma aka ja sandar nan, suna da mintuna, za su lura, su gyara, ya zama labarin da za a ba abokai a wajen shan shayi.

Rahoton ƙarshe da kwamitin bincike ya fitar a ƙarshen Disambar 2023 bai ɓoye wannan ba. Ya ce musabbabin da ya fi kusa shi ne jan sandunan farfela bisa kuskure, amma ya jero abubuwan da suka taimaka, kuma in ka karanta su za ka ga yawancinsu tun kafin jirgin ya bar Katmandu aka shuka su. Ita wannan hanyar zagayen ta bakin 12 ba a tantance ta ba, ba a zauna an auna haɗarinta an amince da ita ba, daga ɓangaren hukuma har ɓangaren kamfani. Ba a ba matuƙa horon da ya kamata a kan sabon filin ba, har da na na'urar kwaikwayon tuƙi, wadda ita ce wurin da ake so mutum ya yi kuskurensa ya mutu sau goma ya tashi ya sha ruwa. Sannan aiki ya yi musu yawa a lokaci guda, kuma ba su bi ƙa'idar aiki tare yadda take ba. Wato an buɗe fili, an yanka kirtani, an yi jawabi, jirage suka fara sauka da fasinjoji, alhali ana koyon filin ne da su a ciki.

A ganina duk wanda ya tsaya a kan "kuskuren matuƙi ne" gaskiya ya faɗa amma rabinta, kuma rabin da ya fi sauƙi, tunda matuƙan sun mutu ba za su kare kansu ba, ba kuma kujerar kowa da za ta girgiza.

Ɗaya rabin yana kai mu ga hukumar jiragen saman Nepal, wadda ake kira CAAN. Ita ke tafiyar da filayen jirgi, ita ke karɓar kuɗin shiga daga gare su, kuma ita ce mai sa ido da za ta ce wannan fili bai shirya ba a dakata. Kura ce aka ba ajiyar nama, ko ba ta ci ba ai ba ka da natsuwa. Tun Disambar 2013 Tarayyar Turai ta hana duk kamfanonin jiragen Nepal shiga sararin samaniyarta, kuma wannan haɗa aiki biyu a hannu ɗaya yana cikin abin da ake ta ƙorafi a kai, an shekara da shekaru ana maganar dokar da za ta raba hukumar gida biyu, gwamnati ta zo ta tafi, a ƙasar da gwamnati ba ta cika daɗewa ba.

Wani zai ce to su daina hawa jirgin mana. Ina za su bi? Katmandu zuwa Pokhara kilomita ɗari biyu ne kawai a mota amma sai ka yi awa bakwai ko fiye a kan hanya mai lanƙwasa a gefen kogi, da damina kuma ƙasa tana zaftarewa, a Yulin 2024 zaftarewar ƙasa ta tura bas biyu cikin kogin Trishuli da mutum sama da 50. Akwai garuruwan da in ba jirgi ba sai tafiyar kwanaki a ƙafa, mara lafiya da buhun shinkafa duk jirgi ke ɗaukarsu. Ga baƙi masu yawon buɗe ido da ƙasar ke ci da su, a jirgin Yeti ɗin nan ma akwai 'yan ƙasashen waje 15, Indiyawa biyar, Rashawa huɗu, 'yan Koriya ta Kudu biyu da sauransu.

Da labarin ya fito na ga 'yan uwa da yawa suna rubuta kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, ba mai wuce ranarsa, ni ma na yi imani da wannan. Amma masu binciken da suka zauna suna sauraron muryar matattu daƙiƙa bayan daƙiƙa ba jayayya suke da ƙaddara ba, raƙumin suke ƙoƙarin ɗaurewa saboda jirgin gobe. Ita Anju ɗin ma labarinta kaɗai ya isa ya sa mutum shiru. Mijinta matuƙi ne a wannan kamfani na Yeti, ya mutu a 2006 lokacin da ƙaramin jirginsu ya faɗi yana ƙoƙarin sauka a Jumla, can cikin tsaunukan yammacin ƙasar. Da kuɗin inshorar da aka biya ta ta je ta koyi tuƙin jirgi, ta shiga kamfanin a 2010, ta hau har ta zama kyaftin.

Shekara ɗaya da rabi bayan Pokhara, ranar 24 ga Yulin 2024, wani jirgin kamfanin Saurya ya kife yana tashi daga Katmandu, mutum 19 a ciki, 18 suka mutu, kyaftin ɗin kaɗai aka ciro da rai. Yawancinsu ma'aikatan kamfanin ne, injiniyoyi da makanikai, za su kai jirgin gyara ne a sabon filin Pokhara.